Shekarar da Muka Rasa Irin Kaura

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma tun ina yarinya babu daminar da ta zo ta wuce ban sa mata ido ba. A gidanmu, can gefen Taba, ni ce mai ajiyar iri. Dawa ce kaura, doguwa, mai manyan ƙwaya, wadda uwar mijina ta damƙa mini, ita ma a hannun tata surukar ta karɓa. Kowace kaka da ƙafata nake shiga gona in zaɓi zangarniyar da ta fi cika, in sussuke, in sheƙe, in gauraya da toka, in zuba a tulu in liƙe bakin da laka. Tuwonta yakan kwana bai saki ba. Maƙwabta duk sun koma masara da rake, mu kaɗai muka rage da ita. A shekarar da nake magana, ta rumbu mun cinye ta tun bazara ba ta yi nisa ba. Abin da ke cikin tulun nan shi ne ƙarshenta.

Jikata, 'yar ɗana na fari, tana ƙaramar sakandare a Kudan a lokacin. Wata rana ta dawo ta ɗauki gwangwanin tumatir, ta taka turmina, ta ɗora shi a kan katanga. Na sa sanda na ture shi. Ta mayar.

"Kaka, ki bar mini gwangwanina, aikin makaranta ne."

"Makarantar ce ta koma tara bola?"

"Ruwan sama za mu auna."

"Wanda ya saukar da shi ya riga ya auna. Sauka mini daga kan turmi, mara kunya."

Ba ta yi fushi ba, yarinyar akwai taurin kai irin na gidanmu. Ta biyo ni madafa tana zuba. Wai iskar da ke kanmu hawa-hawa ce, kuma a hawan ƙasa, wanda muke shaƙa, a nan gajimare da hadari suke haɗuwa. Ta ɗaga murfin tukunyata ta nuna mini ruwan da ke ɗiga. Wai haka rana take dafa teku da koguna, tururi ya tashi, ya tarar da sanyi a sama, ya dawo ruwa.

Na ce, "Rufe mini miya. Ruwa na Allah ne."

Ta ce, "Malam ma haka ya ce, Kaka. Hanyar da yake bi ake koya mana."

Daga nan ta faɗi abin da ya sa na daina juya miyar. Wai iska biyu ce ke ture juna a kanmu. Ɗaya daga kudu, ta teku, mai ɗauke da laima. Ɗaya daga arewa, busasshiya. Damina ba ta zama sai ta kudu ta ture ta arewa ta wuce mu sosai. Kafin nan takan leƙo, ta zubar da ruwa sau ɗaya, a sake koro ta baya. Ni kuwa na san wannan leƙen. Na sha ganinsa, sunansa ne kawai ba a taɓa gaya mini ba.

Ba a daɗe ba hadari ya haɗu da la'asar, da ƙara da walƙiya kamar zai tsaga gari. Aka yi ruwa, yara suka fita tsalle, ƙasa ta yi ƙamshi. Da safe na zagaya bayan gida na tona da hannuna. Yatsuna ba su gama nutsewa ba na tarar da busasshiyar ƙasa. Mu a wurinmu ruwan shuka sai laima ta kai wuyan hannu. Na ɗaga kai na dubi kukar bakin hanya, babu shamuwa ko ɗaya. Yarinyar kuma ta zo da gwangwaninta tana karkata shi, ruwan ciki bai rufe gaɓar ɗan yatsa ba.

Muna tsaye sai ga ubanta ya shigo da sauri, ƙafa duk taɓo. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa. Ya durƙusa ya gaishe ni a gurguje.

"Inna, a fito da iri. Mai shanun huɗa ya ce yau ne namu. In ya wuce mu sai ya gama da mutanen gabas."

"Wannan ba ruwan shuka ba ne. Je ka tona ka gani."

"Kowa ya fita, Inna."

"Kowa masarar kasuwa zai shuka. In ta mutu ya koma ya sayo. Tawa a ina za ka sayo?"

Yarinyar ta sa baki, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, Malam ya ce a jira ruwa ya jera, iskar ba ta..."

Ya yi dariya. "To, madalla. Tsohuwa da 'yar boko sun haɗa kai. Malamin naku gonar wa ya taɓa nomewa? Ke da gwangwani, ita da farce, ku ne za ku riƙe mana sama?"

Na ce ya ɗauki rabi ya bar mini rabi. Ya ce rabin gona a shuke, rabi a buɗe, sai ya zama abin nuni a bakin masallaci. Wannan ne ya dame shi, kar a ce gidan wane sun makara. Ya shiga ɗakina, ɗakin da ko ubansa ba ya shiga ba sallama, ya rungumo tulun. A tsakar gida ya fasa lakar. Na tsaya ina kallo. Mace ba ta kokawa da ɗanta a gaban 'yarsa.

Ya shuke ta duka. Dawar ta tsiro kuwa, gwanin kyau, layi-layi. Ya riƙa shigowa yana cewa, "Inna, ba za ki je ki ga 'ya'yanki ba?" Ban je ba. Ina zaune ina jin iska a fatata, kuma na ji ranar da ta juya. Sama ta washe tas. Safiya ta zo, wata ta zo, rana kamar wuta. Maza suka fita roƙon ruwa, muka yi sadakar gumba. Sai a lokacin na ɗauki sandata na tafi gonar. Ganyen ya nannaɗe kamar tsinke. Na taɓa ɗaya ya karye a hannuna.

Da ruwan gaskiya ya sauka, babu abin da ya tarar. Ɗana ya hau mashin ya tafi kasuwar Makarfi, ya dawo da irin masara a leda, an rina shi da jan magani. Gidan bai kwana da yunwa ba, wannan gaskiya ne, kuma shi yake faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Ni kuwa na bi gidajen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Na shiga mota har Furana wurin ƙanwata, ko ta rage ko da cikin tafin hannu. Ta riƙe haɓa ta ce, "Yaya, kaurar gidanku? Ai mu a wurinki muke sa ran samu." Wata shekara ɗana ya sayo mini wata a kasuwa, wai ita ma kaura ce. Na shuka a bayan gida. Ta fito gajera, ƙwayar ƙanana, tuwon kafin gari ya waye ya zama ruwa.

Ya ce, "Inna, dawa ai dawa ce."

Har yau in ya durƙusa da safe ina amsa gaisuwarsa, ɗana ne. Amma maganar gona ba ta sake haɗa mu ba.