Wa'azin da Na Kai wa Kaka

Wata Lahadi ce a tsakiyar watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu na firamare. An kwana ana ruwa, garin Jos ya yi sanyi har cikin ƙashi, amma ni ina tsaye a ƙofar ɗakin Kaka gumi na keto mini, takalmin cocina duk taɓo. Ƙamshin gwaten acca na tasowa daga madafa, cikina na ƙugi, na kuma san ko cokali ba zan taɓa ba sai na sauke abin da na ɗauko daga coci.

Doka ce a gidanmu. Tun da ciwon ƙafa ya hana Kaka, mahaifiyar babanmu, zuwa sujada, ta ce kunnuwan jikokinta su ne nata. Kowace Lahadi ɗayanmu zai zauna a bencin gaba ya saurari Fasto, ya dawo ya maimaita mata wa'azin tun daga farko, sannan a zuba abinci. Yayata Saratu takan kawo shi tsaf, har da waƙoƙi. Ƙanena Bitrus kuwa, wanda hankalinsa ke wajen garen taya da ƙwallon tsumma, kullum sai ya ce wai Fasto ya ce mu ƙaunaci juna, Kaka ta ce wannan ai ko akuyar gidan nan ta sani. Takan ce, "Ji daban, saurare daban, aikatawa kuma ita ce uwarsu." Mun ɗebo ruwa a rijiya da sanyin safiya, mun kai awaki bayan duwatsu, mun yi cirar ciyawa a kunyoyin dankali, amma ba aikin da ya kai wannan nauyi a wurinmu.

Ranar ni ke da layi, kuma na saurara da kyau, abin da ya jefa ni cikin tsaka mai wuya ke nan. Fasto ya yi magana a kan wanda ya kawo baikonsa, wato sadakarsa, gaban Allah alhali yana gaba da ɗan'uwansa, ya ce a ajiye baikon, a je a shirya tukuna. Kowa a gidanmu ya san Kaka ba ta magana da ƙaninta, Baba Gyang, tun kafin a haife ni, a kan gonar acca da mahaifinsu ya bari. Ko sunansa ba a ambata a gabanta. A makon nan kuma labari ya iso cewa yana kwance a ƙauye, jiki ya yi tsanani, ta ji ta juya fuska bango. A hanyar dawowa Saratu ta ja ni gefe ta ce in tsallake wurin, in tsaya ga waƙoƙi da sanarwa. Na ji tsoro ƙwarai, domin bakin Kaka ya fi barkono zafi, sandarta kuma ba ta kuskure. Sai dai ita da kanta ta koya mana cewa ɗan aike ba ya rage saƙo.

Kaka ta ɗago kai ta ce, "Maigidana, me ka kawo mini yau?" Haka take tsokanata. Na durƙusa nesa da sandar, na zayyana mata komai, ban bar ko kalma ba. Mama da ke bakin madafa ta daina juya tukunya. Sai Kaka ta tambaye ni ko da gaske haka Fasto ya ce, ko kuwa uwata ce ta kitsa mini. Na ce da kunnena na ji. Ta daɗe tana kallon tabarma.

"To, na ji," in ji ta. "Kira mini babanka."

Babanmu kafinta ne. Da ta ce a kai ta ƙauye, bai tsaya tambaya ba, ya ruga unguwar Gangare wurin abokinsa Malam Sani, mai a-kori-kurar da ke ɗauko masa itace daga kasuwar Katako. Aka ɗaga Kaka cak aka sa ta gaban mota, mu yara muka haye baya cikin yayyafi, ba wanda ya tuna da abinci. Mama ta ɗauki waƙar zumuntar matan coci, muka amsa da iyakar muryarmu, mutane na leƙowa suna zaton biki za mu.

Mun sami Baba Gyang a kwance, ya rame sai idanu. Kaka ta sa aka zaunar da ita kusa da kansa, ta kama hannunsa ta ce, "Gyang, ni ce. Na zo ka yafe mini." Tsohon ya fashe da kuka kamar yaro, ita ma haka, babanmu ya fita waje yana share fuska. Da hankali ya kwanta, Baba Gyang ya tambaya wane ne ya iya tanƙwara yayarsa, sai ta nuna ni da sanda ta ce wancan mai faffaɗan kunnen ne. Ɗaki ya kaure da dariya. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba, har Saratu sai da ta sara mini. Baba Gyang ya kai har girbin acca, suka ci tuwon sabon hatsi a kwano ɗaya shi da Kaka, kafin Ubangiji ya kira shi.

Yanzu nakan zauna a coci in ga rabin jama'a sun sunkuya kan waya, wasu na naɗar wa'azin wai za su saurara daga baya. Lasifika ta yi yawa, murya na kai ko'ina, amma in na tambayi 'ya'yana abin da aka faɗa sai su kalli juna. Nakan yi kewar tsohuwar nan da ta sa mu biyayya, da maganar ta zo kanta kuma ba ta kauce ba. Ni na kai saƙon, amma ita ce ta tashi ta tafi.