Shaidar Magagari

Ina cikin takaba, zaune bisa tabarma a ƙofar ɗaki, ƴata ta dawo daga asibitin da take aiki ba ta ko cire rigar aikin ba. Ta durƙusa kusa da ni ta miƙo mini waya.

"Inna, dubi wannan, amma kada ki ɗaga murya."

Hoton mahaifinta ne, a bakin maƙerarsa ta nan Tawa, yana murmushi. Ƙarƙashinsa an jera sulalla bisa baƙin ƙyalle, irin tsofaffin nan masu hoton kan wata mace, waɗanda mata ke ratayawa a wuya. Ta karanta mini abin da aka rubuta da Faransanci: wai azurfa ce ta kaka da kakanni, gadon wani amintaccen maƙeri da ya rasu. Gwanjo ake yi a intanet, kowa na faɗin tayinsa, daga Yamai har ƙasashen da ban sani ba.

Maigidana bai bar azurfa ba. Abin da yake yi, yana zuba kwaikwayon sulallan nan da farin ƙarfe saboda matan ƙauyukan Kalfu da Takanamat da ba su da halin na gaske. Bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Kowane ɗaya in ya huce, sai ya goga masa magagari a gefe, ƴar tsaga ƙarama, ya nuna wa mai saye ya ce, "Ga shaidata, ado ne kawai, ko jikarki kada ta ruɗu."

Na ce ta ƙara girman hoton. Tsagar na nan, an dai cike ta da wani abu an goge. Na san inda abin zubin sulallan yake. Ran da aka kwashe kayan maƙera, ƙaninsa ne ya ɗauka, ya ce zai ajiye mana. Shi ne kuma ke kawo mana hatsi tun rasuwar, gidan da muke ciki ma na gadonsu ne, ba a raba ba.

"Akwai wurin da ake dannawa a kai ƙara," in ji ƴata. "Ko kuma in tafi wurin ƴan sanda."

"In suka tambaya wa ya ƙera abin zubin fa?"

Abin da nake tsoro ke nan. Wanda zai yi bayani yana kabari, ni kuma al'ada ta hana ni taka ƙofar gida. Idan magana ta fita, sunansa za a fara kira a kasuwa, a ce ashe dama haka yake.

Washegari da hantsi ƙanin nasa ya zo gaisuwa. Tsakanina da shi akwai wasa irin na ƙanin miji tun ina amarya. Ya tsaya bayan zana kamar yadda ya dace.

"Matarmu, ya haƙuri? Kin rame. Ki ci abinci, ni ba na gadon ƙashi."

Da can sai in rama. Ran nan ban rama ba. Na ce, "Haƙuri sai ma'abucinsa. Magagarin yayanka yana wurinka?"

Na ji yana kaɗa makullin babur.

"Me mai takaba za ta yi da magagari?"

"Ina so in gan shi ne kawai."

"Ke dai ki ji da addu'a. Ki kuma faɗa wa ƴar asibitin nan ta rage latse-latsen waya. Garin nan ƙarami ne."

Ya ajiye buhun hatsi ya fita. Na zauna a wurin har rana ta cim mini.

Da la'asar na ciro sulen da ke wuyana, wanda maigidana ya zuba mini shekarar da na tare. Na ce ƴata ta ɗauki hoton gefensa inda tsagar ta fito sosai, ta rubuta abin da zan faɗa: wanda ya yi waɗannan bai taɓa kiran su azurfa ba, ga shaidarsa, mai saye ya duba gefe. Ta tambaye ni ko ta sa sunanmu. Na ce a'a. Sai na tuna babu mai irin wannan sule da wannan magana sai ni. Duk da haka na ce ta aika shafin gwanjon.

An sauke gwanjon cikin makon. Ƙanin maigidana bai sake zuwa gaisuwa ba, hatsin ma sai dai a aiko. In na ji babur ya tsaya a ƙofa, har yanzu sai in kasa kunne in ji ko shi ne.

Bayan na fita takaba, ƴata ta nuna mini wani gwanjon. Babu hoton mahaifinta, amma baƙin ƙyallen shi ne, kuma ba a nuna gefen sulallan ba. Abin zubin yana hannun ƙanin maigidana, ban kuwa je na karɓo ba.