Gwaggo da Tambaya ta Bakwai

Gwaggona ta shekara ashirin da shida tana koyar da lissafi a aji huɗu. Kakanmu kafinta ne, a shagonsa ta girma, shi ya sa idonta bai yarda da karkataccen abu ba. Ko hoto ta gani a bangonka ya kauce, sai ta gyara shi kafin ta amsa gaisuwa.

Tana da wasu katakai huɗu da ta haɗa da ƙusoshi sako-sako. Sai ta ɗaga su kamar bakin taga, ta tura gefe ɗaya su kwanta, ta ce, "Siffa ta canza. To, na sama da na ƙasa, akwai gefen da suka fi matsowa kusa da juna?" Yara su sa ma'auni su gwada, su ce a'a. Da haka suka gane cewa layi biyu, in tazararsu ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ba za su taɓa haɗuwa ba, a tsaye suke, a kwance ko a jingine.

Ana saura shekara uku ta yi ritaya, aka aiko da jarrabawa daga ofishin ilimi, haɗe da takardar amsoshi. Tambaya ta bakwai ta ce a nuna layukan da ba sa haɗuwa. Akwai biyu a kwance, akwai biyu a jingine, dukansu daidai ne. Yaranta arba'in da ɗaya suka zaɓi duka. Masu maki suka soke su kaf, domin takardar amsoshin na kwancen kawai ta sani.

Gwaggo ta kwashi takardun sai ofishin hedimasta, ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, sa ma'auni ka gwada."

"Malama, maki biyu ne fa kacal."

"Maki biyun banza! Wata uku ina ce musu su yarda da abin da suka auna. Yau in koma in ce musu idonsu ƙarya yake yi?"

"Daga sama aka aiko."

"To na saman ba su da ma'auni ne?"

Ya ce ta shiga aji ta yi gyara bisa takardar. Ta shiga kuwa, ta rubuta a allo: "Ku ne da gaskiya." Ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya da jan biro tana mayar da makin.

Aka ba ta takardar gargaɗi, zango na gaba aka mayar da ita aji ɗaya, tana koyar da ƙirga. Da shekara ta zagayo, tambayar ta sake fitowa, an gyara amsar shiru, ba wanda ya ce mata ko sannu.

Yanzu tana gida, gwiwa ta hana ta fita. Kwanaki na ce mata, "Gwaggo, ai ya wuce, ki yafe musu mana."

Ta harare ni. "Ni suka yi wa? Je ka nemo yaran nan arba'in da ɗaya, su za ka roƙa."