Mai Tari a Bayan Mawaƙi

A ɗakin adana tsoffin muryoyi na gidan tarihi, wani dattijo na zaune da abin sauraro a kunne. Rigarsa ta sha guga, hularsa na kan gwiwa. Wata tsohuwar waƙar taro yake ji, amma ko kai ba ya kaɗawa. Can sai ya ɗaga yatsa.

"'Yata, ɗan mayar min baya."

Ma'aikaciyar ta mayar. "Baba, waƙar ce ta yi maka daɗi haka?"

"A'a. Akwai wata da ta yi tari a bayan mawaƙin."

Ban sani ba ko mahaifiyarsa ce ko matarsa. Ina dai kallonsa, ido a rufe, ya riƙe numfashi, yana jira ta sake yi.