Tagwayen Cikin Balan-balan

Karatuna na allo bai wuce izu biyu ba, makarantar boko kuwa ta bakin ƙofarta kawai na taɓa bi, shi ma da sauri. Amma duk cikin maƙeran gindin Dala ni kaɗai na taɓa gwada ilmin Turawa da hannuna, kuma fuskata shaida ce.

'Yan shekaru kafin Turawa su tafi, ina saurayin magidanci, matata na da tsohon ciki, wani abu ja mai girman tulu ya sauko daga sama da hantsi, zarensa ya sarƙe a igiyar shanyarmu. Kaji suka watse. Kakata, wadda ba ta tsoron komai sai ƙadangare, ta ɗauko muciya ta tsaya a gabansa.

Aka aika kiran taubashina, ɗan ƙanwar babana, da ke aiki a filin jirgi. Yana shigowa ya bushe da dariya. Ya ce balan-balan ne, su suke sakinsa sama don su ga inda iska ta nufa, wannan ya gaji ne ya sauko.

Na ce, "To me ke ɗaga shi, ba fiffike?"

Ya ce, "Wata iska ce a ciki, haidirojin, ta fi tamu rashin nauyi. Ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma ba sa zama sai bibbiyu, manne da juna kamar tagwaye."

"Ba sa rabuwa?"

"Sai da zafi. In wuta ta kama su sai su yi ta kakkarwa suna fizgar juna har abin da ya haɗa su ya tsinke, kowa ya kama gabansa. Amma ba irin wutarka ta gasa lauje ba, baƙin maƙeri."

A gaban mutane ya faɗa. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce kafin la'asar sai na raba su ɗaya bayan ɗaya.

Ban lura da kakata ba. Tunda ta ji kalmar tagwaye ta ajiye muciya. A gidanmu ba a wasa da tagwaye: abin da ka ba ɗaya sai ka ba ɗayan, ba a shiga tsakaninsu, in ka ɓata musu rai su turo maka kunama cikin takalmi. Ta kwance balan-balan ɗin da bisimilla, ta kai shi ɗakinta, ta ɗaure a ƙafar gado, ta ajiye masa ƙoƙo biyu na fura daidai wa daida. Taubashina ya ce, "Iya, sun fa fi yashin rafi yawa." Ta ce su yi haƙuri su raba, gero ya yi tsada.

Matata ce ta tare ni a zaure. Duk unguwa an gama yanke cewa cikinta na 'yan biyu ne, don ko ƙofar ɗaki sai ta karkace take shiga. Ta ce, "Malam, in ka raba 'ya'yan mutane alhali naka na hanya, wallahi yau a gidan iyayena a Ƙofar Mazugal zan kwana, kuma kada ka aiko biko." Har ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye inda zan gani.

Na zauna a maƙera ina zuga ina tunani. In na fasa, taubashina zai yi ta yi mini waƙa har a kabari. In na yi, ba mata. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ba ta zuwa wa mai ilmi: zan raba su na ɗan lokaci kaɗan, ya gani, in mayar da su kafin ta ji.

Da kakata ta shiga alwala, na lallaɓa na kwanto abin, na kai shi maƙera, na aika a kira taubashina. Ban jira ya iso ba. Na zuga wuta har ƙarfe ya yi fari, na ɗauko shi da awartaki, na kai shi jikin balan-balan ɗin, na sunkuyar da kai sosai don in ga lokacin da za su saki juna.

Ban gani ba. Na dai ji ƙara, na ga haske, na tsinci kaina zaune cikin kwandon gawayi, ina jin ƙaurin babbakar akuya. Ashe ni ne akuyar.

Gida duk ya fito. Matata da ƙunshinta a kai, kakata da ƙoƙon fura a kowane hannu. Taubashina ya iso yana haki, ya dube ni, ya jingina da bango don kada dariya ta ka da shi.

Matata ta ce masa, "Faɗa mini gaskiya, ya raba su?"

Ya share hawaye. "Ai waɗannan ba sa iya zaman kaɗaici ko na ƙiftawar ido. Suna sakin juna suka rungumi iskar da muke shaƙa, suka zama tururin ruwa. Bibbiyu suke shiga gida ɗaya ma."

Kakata ta ce, "Wato aurar da su ya yi?"

Ya ce kusan haka ne.

Sai ta rangaɗa guɗa. Ta ce ba a taɓa aurar da tagwaye rana ɗaya a gidan nan an kwana da yunwa ba, a jiƙa shinkafa. Matata ta sauke ƙunshinta a hankali, ta ce tunda aure ne ba ta da ta cewa, amma kada in kusance ta sai ƙaurin ya fita. Maƙwabta suka ci tuwo suna yi mini Allah ya sanya alheri, ina amsawa da fuska shafe da man shanu.

Da wata ya kama ta haihu, namiji, ƙato, shi kaɗai. Kakata ta juya shi, ta ɗaga zane ta leƙa ko akwai na biyu, ta daɗe tana kallona.

Gemuna ya dawo kafin suna. Girar dama ma ta biyo baya. Ta hagu ce har yau muke jira.