Yadda Muka So Saukar da Roka a Tsaye

A shekarata ta biyu a Manchester, aikin da malamina ya ba ni a jami'a shi ne nazarin yadda za a dawo da gindin roka ƙasa lafiya. Gindin roka shi ne babban ɓangaren da ke cicciɓar sauran zuwa sama. Da mansa ya ƙare sai ya rabu ya faɗa teku, injinan da aka sha wahalar ƙerawa su nitse. A wancan lokacin babu wanda ya taɓa harba irinsa zuwa sararin samaniya ya dawo da shi ya tsayar a kan ƙafafunsa. Ni kuwa kullum ina ganinsa a raina. Ina zaune a benen bas daga Withington, goshina a jikin gilashi, ana yayyafi, sai in ga wani dogon abu fari yana saukowa da baya daga cikin gajimare, wuta a ƙarƙashinsa, ya zauna tsakanin jajayen gidajen Moss Side ko tattabara bai firgita ba. Sau da yawa sai na wuce inda zan sauka nake farga.

A takarda kuwa abin bai zo da sauƙi ba. In na ce a rage mai don dawowa, man nan shi ma kaya ne, dole a hau da shi, sai tauraron ɗan Adam da za a ɗauka ya ƙanƙance. In na sa ƙafafu, nauyi ya ƙaru. Fukafukai sun fi ƙafafun nauyi. Laimar sauka ba ta da nauyi sosai, amma iska ke zaɓa mata masauki, kuma in a teku ta sauke shi, ruwan gishiri ya shiga inji ya cinye. Duk ƙofar da na buɗe sai wata ta rufe.

Da abin ya ishe ni sai na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, wurin wata 'yar Zariya da muka zo karatu tare, wadda nake ce wa Yaya saboda ta girme ni. Ita tana nazarin yadda na'ura ke gyara tafiyarta da kanta. Tana haya a ɗakin sama na wani gida a Lozells, wurin wata Hajiya 'yar Kumasi mai ɗinki, wadda ta daɗe a garin har jikokinta Turanci kawai suke ji.

A kicin na zayyana wa Yaya damuwata. Sai ta zaro muciyar Hajiya ta tsayar a tafin hannunta, tana bin ta dama da hagu don kada ta faɗi. Ta ce haka injin zai riƙa yi daga ƙasa, kuma wannan ma mai sauƙin ne. Mai wuyar shi ne, gindin da ya zubar da mansa ya zama kamar gwangwani, injin kuwa ko an rage shi iya ragewa ƙarfinsa ya fi nauyin gwangwanin. Ba zai iya tsayawa a iska ya nemi wuri ba. In an kunna da wuri, ya koma sama. In an makara, ya tarwatse.

Hajiya tana jin mu tana yanka albasa. Ta tambaya ko da mutum a ciki. Muka ce babu. Ta ce to da sauƙi, amma ita dai ta san taura biyu ba ta taunuwa.

Yaya ce ta kawo shawarar mu gwada da hannunmu. Muka samo manyan robobin lemo, muka ari famfon keke. In aka zuba ruwa a roba aka matsa iska, aka saki, sai ta tashi. Ɗaya muka yi mata laima, Hajiya ta yanka daga wata laimar ruwan sama da iska ta karya, ta bi bakinta da keken ɗinki. Ɗayar muka sa mata ƙafafu na waya, Yaya ta ɗaura mata ƙaramar roba ta biyu mai ajiye iska, da ɗan marfi da zai buɗe idan ta fara faɗowa, iskar ta huro ƙasa ta rage mata gudu.

Ranar Lahadi da hantsi muka tafi filin shaƙatawa na unguwar. Hazo bai gama tashi ba, bishiyoyi kamar an zana su da toka. Hajiya ta biyo mu da babbar rigar sanyi a kan zanenta, ta ce ba za a harba ɗinkinta ba ta nan ba.

Mai laima muka fara saki. Ta yi sama ta bar igiyar ruwa a bayanta, ta shige hazo, muka daina ganinta. Muka tsaya muna kallon inda ta ɓace. Can sai ga baƙar laimar ta ɓullo a buɗe, tana lilo, rana mai rauni tana haska gefenta. Ban taɓa ganin abu yana saukowa da natsuwa haka ba. Sai wata iska da ko a fuska ba mu ji ta ba ta ɗauke ta, ta haye da ita bishiyoyi, ta bi saman rufin gidaje tana ƙanƙancewa. Babu wadda ta motsa a cikinmu. Ba mu sake ganinta ba.

Mai ƙafafu kuwa da ƙyar ta kai tsayin bishiya, saboda kayan da muka ɗora mata. Ta juyo, muka ji iskar ta huro, ta ɗan rage gudu, ƙafafun suka taɓa ciyawa. Ta tsaya cak kamar mai tunani, gwargwadon numfashi guda, sannan ta kwanta a gefe.

Yaya ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Kin gani? Ta tsaya."

Na ce, "Yaya, ai ba ta je ko'ina ba."

Ta ce, "Wannan kuma aikinki ne. Ni nawa ya yi."

Hajiya ta ce mu zo mu tafi, 'yan matan nan, kafin sanyi ya kama mu. A gida ta zuba mana shinkafa da wake irin na mutanen Gana, da yaji baƙi mai kifi, tana ta lissafa gidajen maƙwabta da take jin laimarta ta faɗa.

Na koma Manchester da yamma, na rubuta abin da na iya. Na ce abin zai yiwu, amma sai an yarda a rage kayan da za a ɗauka, kuma ba zai biya kuɗinsa ba sai in gindin zai sake tashi sau da yawa ba tare da an kwance injinsa an sake ɗaurawa ba. Malamina ya karanta ya ce wannan "sai in" ɗin ita ce aikin gaba ɗaya, in koma in faɗaɗa ta. A kanta na ƙare damina da hunturun shekarar. Yaya ta riga ni gamawa, ta samu koyarwa a gida, ni na raka ta tasha da akwatunanta.