Talotalon da na kai wa ogan Yaya

Talotalon ya kuɓuce mini a ƙofar ofis, ya haye teburin shugaban sashe, ya yi abin da ya ga dama a kan takardun jarrabawa.

Ƙarshen shekarun saba'in ne. Yayana Sabo yana koyarwa a jami'a, aikin wucin gadi, ga raɗe-raɗin za a rage malamai. Ya rame, ya daina dariya. Ni kuwa, mai digirin aji huɗu na firamare, na ce ai gaisuwa ce ba a kai ba. Na sayo talotalo a kasuwar Terminus, ban gaya masa ba.

Na ce gaisuwa ce na kawo, don kada a sallami Sabo. Ogan ya dube ni, ya dubi tsuntsun.

"Samari, ni ma ban san ko zan kai baɗi a kujerar nan ba. Amma na faɗa wa na sama, in za a sallami Sabo, a fara da ni. Aikin mutum uku yake yi. Gidansa ne ya fi ƙarfina. A nan yake barcin rana, wai 'yan'uwa sun cika ɗakinsa. Ka san su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne shugabansu."

A makon na naɗe tabarmata, na kama koyon ɗinki a unguwar Dilimi. Yaya ya samu barci, daga baya aka tabbatar da shi a aikin.

Allah ya jiƙansa. Yau 'yarsa ce ke koyarwa, ita ma wucin gadi. Ni nake kai yaranta makaranta tare da jikokina, da gwiwar nan tawa mai ƙara, kuma ba zan fasa ba sai an tabbatar da ita.

Ku masu malami a gida, me kuka taɓa ɗauke masa?